Takalmin Mama Somto da Kwaɗon Madam

Duk wanda ya taɓa karɓar allura a ƙaramin asibitin Dakta Adebayo da ke Muchia a Sabon Gari ya san halin Sista Dinatu. Hannunta ba zafi, kafin ka gama runtse ido ta zare allurar. Amma kana cikin gyara tazugen wando za ta sunkuya ta kwashe takalmanka, ta cusa su ƙarƙashin teburinta, ta nuna maka benci. Minti talatin za ka yi a zaune a gabanta, ko kai ɗan wane ne. Ta kwashe na fasto, ta kwashe na sufeton 'yan sanda. Akwai wani malamin jami'a daga Samaru da ta taɓa zaunarwa daga shi sai safa, yana ta zuba mata Turanci, ita kuwa tana wanke almakashi kamar da bango yake magana.

Ba mugunta ba ce. Lokacin da take sabuwar nas a wani ƙauye can kudancin Kaduna, ta yi wa wani manomi allurar fenisilin. Ya ce mota za ta tashi ta bar shi, ta ce ya tafi, Allah ya sawwaƙe. A tasha ya yanke jiki ya faɗi, kafin a ɗauko shi a dawo da shi rai ya yi halinsa. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, amma har yau in ta tuna sai zuciyarta ta yi zafi. Tun ranar ta rantse ba wanda zai sake ɓace mata da gani da allurarta a jikinsa. Mutanen Sabon Gari kuwa ba a san su da zama ba. Ka ce wa ɗan kasuwa ya jira, zai ce to, kana juya baya ya kai bakin titi. Abu ɗaya ke riƙe su: layin asibitin cike yake da baƙin man makanikai da ƙusoshi, ba mai taka shi ba takalmi.

Shi Dakta Adebayo yana koyarwa a Samaru, sai ƙarfe huɗu yake leƙowa. Daga safe zuwa la'asar asibitin na hannun matarsa, Madam Bibiana. Ita ba nas ba ce, aikin ofis ta karanta, kuma a yi mata adalci, ta iya shi. Da aka kama wani ma'aikaci yana satar magani, sai ta sa aka buga wa kabad ɗin ɗakin allura kwaɗo, ta rataye makullin a wuyanta. Matsalar ita ce farantin maganin gaggawa ma a ciki yake. Sau uku Dinatu tana yi mata magana, tana cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Sau uku Madam tana amsawa da cewa in wani abu ya taso a kira Dakta a waya, ai don haka aka sayi salula.

Ranar wata Litinin ta shekarar dubu biyu da shida Madam ta kira ta ofis.

"Sista, na gaji. Mutane sun koma kemis suna karɓar allura, sun ce a nan ana wulaƙanta su. Ke ce babba, ina ganin girmanki. Amma kika sake taɓa takalmin wani, ki ɗauki jakarki."

Dinatu ta fito. Shekararta hamsin da bakwai, mijinta ya rasu, ga jikoki biyu a ɗakinta na Hayin Dogo. Ta san sarai in ta bar wurin nan ba wanda zai ɗauki tsohuwar nas mai taurin kai. Ranar Litinin da Talata ta haɗiye, ta riƙa roƙon mutane da baki su zauna. Cikin goma sha ɗaya, biyu ne suka zauna, su ma don ana yayyafi ne.

Ranar Laraba da hantsi Nkechinyere ta shigo, wadda duk kasuwar Sabon Gari ke kira Mama Somto. Busasshen kifi take sayarwa, mace ce mai jiki da murya, in tana ciniki a layin 'yan kifi ana jin ta daga layin 'yan tumatir. Bakin kwano ne ya yanke ta a ƙwauri, wurin ya kumbura ya yi ruwa, Dakta ya duba ta jiya da yamma ya rubuta mata fenisilin na kwana biyar.

"Mama Somto, an taɓa yi miki wannan allurar?"

"Tun kafin in haifi Somto ake yi mini ita."

"Ba ta taɓa sa miki ƙaiƙayi ba? Ko kumburi?"

"Sista, abeg, yi sauri. Na bar kayana a hannun maƙwabciya, matar nan kuma rabin kifi take ba mutane gyara."

Dinatu ta yi allurar, ta dubi agogon bango: sha ɗaya da minti goma. Takalman Mama Somto na nan a ƙasan gado, baƙaƙen silifas masu kauri. Ta dube su, ta dubi ƙofar ofishin Madam da ke a buɗe. Ita ma mutum ce, tana son aikinta. Sai ta ga matar ta sauko tana laluben ƙasa da ƙafa, hankalinta ya riga ya isa kasuwa. Kafin Dinatu ta gama shawara, hannunta ya riga ya kwashe su.

Wayyo, sai ka ce an taka wutsiyar kyanwa. Mama Somto ta ɗaga murya, da Hausa, da Turancin kasuwa, da yarensu. Mata huɗu da ke jira a baranda suka leƙo. Baba Sati, dattijon da ke ba da kati, ya cire gilashinsa ya ajiye don ya ji da kyau. Madam ta fito tana huci.

"Dinatu! Me na gaya miki shekaranjiya?"

"Na ji abin da kika ce, Madam."

"Ba ta takalminta."

"In minti talatin ya cika."

"To kin kori kanki da kanki."

Mama Somto ta samu mai goya mata baya, ta ƙara wuta. Tana faɗa tana sosa tafin hannunta a jikin zani. Ta sosa na dama, ta sosa na hagu, ta kai hannu wuya. Ta yi gyaran murya, ta ci gaba, ta sake yin gyaran murya. Kowa a wurin ya ɗauka masifa ce ta dushe mata murya. Dinatu kuwa ta daina jin abin da ake faɗa gaba ɗaya, kallo kawai take yi. Leɓen matar na sama ya fi yadda ta shigo da shi kauri. Fatar idonta ta tasa. A damtsenta wasu ruɗu-ruɗu sun fito kamar cizon cinnaka. Agogo ya nuna sha ɗaya da minti goma sha bakwai.

Ta matsa ta kama wuyan hannunta. Jijiyar na gudu da sauri, siririya kamar zare.

"Mama Somto, kwanta."

"Sake ni! Ni za ki…" Maganar ta maƙale. Wani siririn fito ya biyo bayan numfashinta. Ta dafe ƙirji, idonta ya fito, gwiwoyinta suka saki.

Dinatu da Baba Sati suka tare ta suka shimfiɗe a ƙasa. Dinatu ta jawo benci ta ɗora ƙafafunta a kai.

"Madam, makulli. Allurar ce jikinta ya ƙi. Maƙogwaronta na rufewa."

"Ɓacin rai ne ya sa ta suma. Ke kika jawo. A kawo ruwa!"

"Ba suma ba ce. Ba ni makulli."

Madam ta dafe makullin a ƙirjinta da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana danna waya. Tsoro ne ya cika ta, ba ƙeta ba. Ta taɓa jin mijinta yana cewa wannan maganin in aka yi kuskurensa yana tsayar da zuciya, kuma ba ta son a ce a hannunta aka kashe mutum. "Bari Dakta ya ɗauka. Ba a buɗe kabad sai ya ce." Layin ya ƙi shiga. Ta sake dannawa, ta ɗaga wayar sama wajen taga, kamar yadda kowa ke yi a lokacin.

Matan baranda kuwa sun riga sun zama likitoci. Ɗaya ta yanko albasa tana tura mata a hanci. Ɗaya tana kiran sunan Yesu tana ƙoƙarin ɗaga ta zaune. Ta ukun ta ruga shagon maƙwabta ta dawo da kwalbar manja da cokali, don a Sabon Gari ba ciwon da ba a fara ɗura wa manja. Ta durƙusa za ta ɓare bakin Mama Somto, Dinatu ta kaɗe cokalin ya yi tsalle ya bugi bango.

"Wadda ta sa mata ko ɗigon ruwa a baki, ni da ita ne! Iska ma ba ta wucewa, manja ne zai wuce? Ku sake ta ta kwanta. Baba Sati, riƙe mini ƙafafun nan a sama, kada ka bari kowa ya tayar da ita."

Ta miƙe ta sake miƙa wa Madam hannu. Madam ta ja da baya. "Yana ringin, yana ringin, tsaya…"

Akwai wani dutse da ake tokare ƙofar ɗakin allura da shi. Dinatu ta ɗauke shi da hannu biyu. Bugun farko kwaɗon ya yi tsalle ya dawo. Na biyu ya same ta a babban yatsa, ba ta ma ji ba. Na uku maratayin ya tsinke da ƙusoshinsa, ƙyauren ya wangale.

"Kin fasa mini kabad! Dinatu, in matar nan ta mutu, ke kika kashe ta!"

"Na ɗauki alhakin."

Ta ɓalle kan 'yar kwalbar adiranalin, ta zuƙi rabin mil, ba ƙari ba ragi. Ta yaye zanin Mama Somto har cinya. Wata daga cikin matan ta ce haba, ga namiji a wurin. Dinatu ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ta soka allurar a naman cinya ta gefen waje. Ta zaro biro daga gashinta ta rubuta lokacin a bayan hannunta: sha ɗaya da ashirin da ɗaya.

Daga nan sai jira, kuma ba abin da ya kai shi wuya. Ta nemi jijiya don ta sa ƙarin ruwa, jijiyoyin duk sun kwanta. Ta gwada a hannun dama, ta rasa. Ta koma na hagu, ta samu da ƙyar, ta ba matar manja ledar ruwan ta ce ta ɗaga sama ta matsa, tunda hannunta na ƙaiƙayin taimako. Leɓen Mama Somto ya fara yin toka-toka. Fiton numfashin bai ragu ba. Manomin nan na tasha ya faɗo wa Dinatu a rai, ta ji wani irin fushi ya taso mata. A zuciyarta ta ce, wannan kam ba za a karɓe ta a hannuna ba.

Minti biyar ya cika ba wani canji. Ta zuƙi wani rabin mil ta soka a ɗaya cinyar, ta rubuta lokaci. Madam ta daina danna waya, ta jingina da bango tana kallo. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar injin niƙa daga can bayan layi.

Can sai Mama Somto ta ja wani dogon numfashi mai gurnani, ta yi tari. Ta sake ja. Dinatu na riƙe da wuyan hannunta, ta ji jijiyar na cikowa a hankali a ƙarƙashin yatsunta. Matan suka ɓarke da godiya ga Allah. Mama Somto ta buɗe kumburarrun idanu, bakinta ya motsa. Dinatu ta kai kunne.

"Kifina…"

"Kifinki na nan. Rufe mini baki ki yi numfashi."

Madam ta ce tunda ta farfaɗo a kwantar da ita a gado har Dakta ya zo. Dinatu ta ce a'a, irin wannan yakan lafa ya dawo, nan kuma ba iskar oksijin, sai babban asibiti. Ba ta jira izini ba, ta tura Baba Sati ya tare tasi. Aka kwantar da Mama Somto a kujerar baya, Dinatu ta tsuguna a gefenta, ledar ruwa a maƙale a ƙugiyar rufin mota, sauran kwalaben biyu a aljihunta. Suka bi ta Kwangila, direba na ta danna oda, suka ratsa Samaru daidai lokacin da ɗalibai suka cika titi, har babban asibitin Shika. Wani matashin likita ya karɓe su. Ya tambayi me aka ba ta, da ƙarfe nawa. Dinatu ta miƙa masa bayan hannunta ya karanta. Ya dube ta, ya ce, "Mama, da kin ƙara minti biyar, da ba nan za ku kawo ta ba." Sai a lokacin ta lura farcen babban yatsanta ya tsage, jini ya bushe a kai.

Washegari ta zo aiki kamar kullum, da farin kayanta a goge. Tana shiga ɗakin allura ta tsaya cak. An gyara kabad. An buga sabon maratayi, an sa sabon kwaɗo, ya ninka na jiya girma.

Ƙarfe huɗu Dakta Adebayo ya kira ta ofis. Madam na zaune a gefe, Sista Clementina mai aikin yamma na tsaye bakin ƙofa. Dakta mutum ne mai sanyin hali, irin waɗanda ke son kowa ya rabu da su lafiya.

"Sista Dinatu, na je Shika na ga matar. Tana cin abinci, har tana faɗa da masu shara. Abin da kika yi daidai ne, ni kaina abin da zan yi ke nan. Na gode." Ya ɗan murza biro. "Sai dai kin kunyata Madam a gaban mutane. Ki ba ta haƙuri, a wuce wurin. Batun takalmi kuma, a bar shi haka."

"Ranka ya daɗe, haƙuri ba wuya. Har ƙasa zan durƙusa in ba ta, ai ƙanwata ce. Amma a fitar da farantin gaggawa daga bayan kwaɗo."

"Za mu duba wannan."

"Yau."

Madam ta ce, "Ka ji ko? A asibitinka take kafa maka doka. In aka bar shi a buɗe aka sace, wa za a tambaya? Makulli na wurina, ko yaushe ina nan."

"Jiya ma kina nan, Madam."

Dakta ya dubi matarsa, ya dubi Dinatu, ya dubi biron hannunsa. Dinatu ta ba shi lokaci, don tana ganin mutuncinsa, kuma har ga Allah tana fatan ya buɗe baki ya faɗi abin da ya sani. Da ya tashi magana sai ya ce, "Sista, kin san gida sai da zaman lafiya."

Madam ta turo mata ambulan, da ma tun jiya aka buga takardar sallamar. Dinatu ta karɓa ta sa a jaka ba ta buɗe ba. Shekara tara ta yi a wurin nan. Amma ba ta yarda ko ɗaya daga cikinsu ya ga hawayenta ba. Ta ce a ba ta minti goma ta haɗa kayanta.

A ɗakin allura ta tsaya gaban kabad. Kafintan ya yi aiki mai kyau a wajen kwaɗo, sai dai bai taɓa ɗaya gefen ba, inda ƙyauren ke maƙale da tsofaffin hinji biyu. Ta leƙa ta taga ta ari sukundireba wurin makanikin da ke bakin ƙofa. Noti huɗu ta kwance a hinji, biyu a maratayi, yatsanta na zogi. Ƙyauren ya fito gaba ɗaya, kwaɗon na lilo a jikinsa, a kulle yadda Madam ta bar shi.

Ta jawo farantin gaggawa ta ajiye a gaba-gaba, ta kira Sista Clementina. "Ga shi nan. Rabin mil, a cinya, ba a jiran kowa. Bayan minti biyar in ba canji ki ƙara. Kada ki bari a zaunar da mutum, kada a ba shi komai a baki."

"Na sani, Yaya. Amma Madam…"

"Madam na da makullinta, ba wanda ya taɓa mata kwaɗo."

Ta rungumi ƙyauren a hammata, jaka a kafaɗa, ta bi ta baranda. Baba Sati ya miƙe tsaye. Madam ta fito tana kiran sunanta, tana cewa za ta kira 'yan sanda. Dinatu ta ce su same ta a Hayin Dogo, gida na uku bayan coci, ba ta ko waiwaya ba.

A bas ɗin Samaru ta ɗora ƙyauren a cinya. Sai da suka wuce Kwangila hawayen suka zubo, ta bar su. Ba ta san abin da za ta gaya wa jikokinta ba, ba ta san inda za ta nufa gobe da safe ba, kuma tsoro take ji ƙwarai. Ta kuma san za su sa a yi musu wani ƙyauren. Amma ta san kafintocin Muchia: buga kwaɗo aikin nan take ne, sabon ƙyaure kuwa ba wanda ya taɓa cika alkawarinsa a ƙasa da mako biyu. Mako biyu ke nan da duk wanda maƙogwaronsa ya fara rufewa a ɗakin nan, hannu zai kai ga maganinsa.